Gargaɗi Ga Masu Ƙwaƙular Gefen Farce

A manyan asibitocinmu, ɓangaren masu ciwon ƙafa, akwai dattawa da magidanta da aka yanke wa yatsa, wasu rabin tafin ƙafa, wasu kuma ƙafar ɗungurungum daga ƙasan gwiwa. Ba dukansu ne mota ta buge ba. In ka zauna ka bi salsalar ciwon da wasunsu, sai ka iske daga abin da ba a ɗauka bakin komai ba ya faro: taka ƙusa, ƙunar ruwan zafi, takalmin da ya goge fata, ko kuwa reza da aka sa aka ƙwaƙule gefen farcen babban yatsa. A kan wannan na ƙarshen nake so in ja kunnen jama'a, domin shi ne wanda muke yi wa kanmu da hannunmu, a ganinmu kuma tsabta muke yi.

Yadda farce ke shigewa nama ba shi da wuyar ganewa. Farcen ƙafa daga tushensa yake tsirowa, can ƙarƙashin fatar da ke bayansa, ya riƙa turowa gaba sannu a hankali, abin da bai kai milimita 2 ba a wata guda. Gefunansa biyu suna tafiya ne cikin wani ɗan kwarmi na fata. Muddin kusurwar farcen tana waje, ta ɗan haura naman, to lafiya lau. Amma da zarar an yanke kusurwar an zurfafa, sai naman gefe da na gaba ya taso ya cike gurbin, tun da duk takun da mutum ya yi, ƙasa tana danno tsokar yatsan sama. Shi kuwa farce bai daina tafiya ba. Bayan 'yan makonni sai ya iso ya tarar an toshe masa hanya, ya ci gaba da kutsawa cikin nama. Abin da ya fi muni, almakashi da reza ba su cika kaiwa ƙarshen gefen ba. Sukan bar wani ɗan tsinin farce a ɓoye cikin kwarmin, inda ido ba ya gani. Wannan tsini tamkar sartse ne, sai dai sartsen itace inda ya tsaya nan yake zama, wannan kuwa kullum garin Allah ya waye ƙara shiga yake yi.

Daga nan ne mutum ke faɗawa tarkon da ya haƙa da kansa. Ya ji gefen yatsa na yi masa tsami, sai ya ɗauko reza ya ƙara zurfafa yankan. Nan take ya ji sakayau, ya ce ya gano maganin abin. Bayan mako biyu ko uku zafin ya dawo, ya fi na da, kuma yanzu tsinin ya ƙara nisa cikin nama. Ya sake ɗauko reza. Akwai mutanen da suka shekara da shekaru a haka, har gefen yatsansu ya yi kauri ya tauye, suna cewa ai su haka Allah Ya yi farcensu. Gaskiya ne akwai masu gadon farce mai lanƙwasa ko mai faɗi, kuma irinsu abin ya fi saurin kamawa. Amma mafi yawan waɗanda ke ɗingishi saboda wannan ciwo, yankan ne ya jawo musu, ba halitta ba.

Kowa ya san ƙarar almakashin mai yankan farce. Tun daga nesa za ka ji ƙas-ƙas-ƙas, yana tafe da 'yar kwalbar ruwan sabulu, guntun soso, ƙyalle a kafaɗa, da wata 'yar wuƙa siririya ta kankare gefe. Ya durƙusa a majalisa, ya ɗora ƙafar mutum a kan cinyarsa, ya shafa kumfa, ya datse saman, sannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, a shiga gefen?" Shi kuma Alhaji, hankalinsa na kan hira, sai ya ce, "Shiga sosai, yaro, akwai datti a nan." Sai a sa bakin wuƙar a bi kwarmin har can ƙasa, a zagaye farcen ya yi kyau kamar na hannu. In jini ya ɗan tsatso, a danna ƙyallen nan a kai, a ce sannu. Ya gama, ya goge wuƙar a wandonsa, ya matsa wurin na kusa. Mutum biyar ko shida a zama ɗaya, ƙarfe ɗaya, ƙyalle ɗaya.

Ba na cikin masu cewa a kori waɗannan bayin Allah daga titi. Neman halal suka fito, kuma abin da masu ƙafar ke so shi suke yi. Wanda bai shiga gefe ba cewa ake yi bai iya aiki ba. Laifin namu ne da muka ɗauki zagayayyen farcen ƙafa a matsayin ado. Haka abin yake a shagunan wankin ƙafa da mata ke zuwa, musamman gabanin biki: a jiƙa ƙafa, a goge kaushi, sannan a bi gefen farce da tsinin almakashi a tsince shi tas. Washegari a tura ƙafar cikin takalmi mai tsinin baki da doguwar dunduniya, wanda ke tattara nauyin jiki duka ya jibge shi a kan yatsu, a wuni a tsaye ana gaisawa da baƙi.

Takalmi shi ne abokin aikin reza a wannan ɓarna, kuma shi ya sa ciwon ke ƙaruwa a zamaninmu. Likitoci sun daɗe da lura cewa ba kasafai ake ganinsa ba a cikin mutanen da ke yawo ba takalmi ko da buɗaɗɗen takalmi. Yau kuwa yaro tun daga firamare sau-ciki ne da safa har azahar. Ɗalibin makarantar kwana, ɗan bautar ƙasa da but ɗinsa, soja, ɗan sanda, mai gadi, ma'aikacin banki, duk ƙafa a ɗaure take wuni guda cikin zafin da muka sani. Gumi yana jiƙa fatar gefen farce ta yi taushi, takalmi ya matso ta, farce ya huda ta ba tare da wahala ba. Shi ya sa samari da 'yan mata masu tasowa, da ƙafarsu ta fi gumi, suka fi kowa kamuwa. Ga 'yan ƙwallo da ke sayen but ƙarami da gangan don wai ya kama ƙafa, ga bugun ƙwallo da bakin yatsa. Ga takalman gwanjo da ake saye don farashi ya yi, ba don ƙafa ta shiga daidai ba, a ce ai zai buɗe. Ga iyayen da ke sa yaro ya ƙarasa shekara da takalmin da ƙafarsa ta riga ta fi ƙarfi. Tuntuɓe mai ƙarfi, ko faɗowar abu mai nauyi a kan yatsa, shi ma yakan karkatar da tsirowar farce. Haka ƙiba, da kumburin ƙafa irin na mai juna biyu, da wata cuta 'yar'uwar makero da ke kama farce ta sa shi ya yi kauri ya yi fari-fari yana marmashewa.

Ciwon yana tafiya ne mataki-mataki, kuma sanin matakin da kake shi ne sanin abin yi. Da farko gefen yatsa ne ke kumbura, ya yi ɗumi, in an taɓa ko an sa takalmi a ji zafi. Mai salla yakan fara ganewa a sujada, lokacin da ya tanƙwara yatsu. Littattafan likitanci na cewa wurin zai yi ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin dubawa shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya fi ɗan'uwansa na ɗaya ƙafar zafi. Mataki na biyu, fata ta huje, ƙwayoyin cuta sun shiga, ruwa da mugunya na tsatsowa, ana zogi har cikin dare, ko mayafi ya taɓa wurin sai an zabura. Na uku kuwa, wani jan nama mai laushi ya tsiro ya hau kan farcen, da an ɗan taɓa shi sai jini, safa na manne masa, ga wari. Wanda ya kai nan ya sani cewa abin ya wuce na gida, kuma ba zai koma da kansa ba.

A mataki na biyu ne mutanenmu ke yin aika-aika. A tafi kemis a ce farce ne ke damu, yaron shago ya ƙirgo kafso huɗu ko shida ya ɗaure a leda. Wani ma buɗe kafson yake yi ya barbaɗa garin a kan ciwon. Wani ya ɗiga man birki, wani kananzir, wani ruwan batir, wani ya cusa toka ko garin gawayi, wani ya ɗaura lalle ya rufe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta zai iya rage kumburi na 'yan kwanaki, amma ba ya narkar da farce. Tsinin nan yana nan a cikin nama, da magani ya ƙare ciwo ya dawo. Sannan wannan shan kafso na kwana biyu a daina, shi ne ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. A shekarar 1924 ɗan shugaban Amurka na lokacin, Calvin Coolidge, yaro ɗan shekara 16 mai ƙoshin lafiya, ya yi wasan tanis ba safa, yatsansa ya yi bororo, ƙwayar cuta ta shiga jininsa, cikin kimanin mako guda ya rasu. Duk likitocin fadar shugaban ƙasa ba su iya komai ba, don a lokacin ba a kai ga samun maganin irin wannan ƙwayar cuta ba. Mu da muka zo muka tarar da maganin, muna nema mu mayar da kanmu wancan zamani da wasa da shi. Man birki da ruwan batir kuwa ba na ma son in tsaya a kansu. Ƙona nama suke yi, kuma mataccen nama shi ne abincin cuta.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, ga mai lafiya yawanci wahala ce da ɗingishi da asarar kwanakin aiki. Ga mai ciwon sukari kuwa maganar ta ƙafa ce, wani lokaci ma ta rai.

Sukari idan ya daɗe a jini yana hawa, abu uku yake yi wa ƙafa. Yana kashe jijiyoyin ji, ta yadda mutum zai taka ƙaya bai sani ba, ko ya riƙa jin kamar yana sanye da safa alhali ƙafarsa tsirara take. Yana toshe ƙananan hanyoyin jini, abinci da iska su daina isa yatsu yadda ya kamata, ciwo ya ƙi warkewa. Yana kuma raunana garkuwar jiki. To, haɗa waɗannan da farcen da ya shige nama. Zafin da ke sa mai lafiya ya nemi magani, shi mai sukari ba ya jin sa. Mai yankan farce ya yanke shi, bai ji ba. Ciwon ya yi mugunya, bai ji ba. Sai ranar da uwargida ta ce, "Malam, wannan warin daga ina?" ko aka ga safa ta jiƙe. Lokacin cuta ta riga ta bi ƙarƙashin fata, kuma ƙashin yatsa ba shi da nisa da farce, 'yan milimita ne tsakani. In ta kai ƙashi, magani ya koma na makonni, sau da yawa har da wuƙar likita. In yatsa ya yi baƙi ya ruɓe, ba abin da ya rage sai yankewa, tambayar kawai ita ce daga ina za a yanke.

Alƙaluma ba su da daɗin ji. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Ta ce adadin zai iya kaiwa miliyan 55 nan da 2045. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu sukari za su yi gyambon ƙafa a wani lokaci na rayuwarsu. Wani bincike da likitocin Najeriya suka yi a manyan asibitoci shida, aka buga shi a 2019, ya bi diddigin mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na sukari: fiye da ɗaya cikin uku an yanke musu wani sashe na ƙafa, ɗaya cikin biyar kuma bai fita asibitin da rai ba. Ka sake duba maganar nan ta fiye da rabi ba su sani ba. Ma'anarta ita ce cikin mutum shidan nan da ke miƙa ƙafa a majalisa, ba mamaki akwai mai sukarin da bai taɓa gwaji ba. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai sukari a gidansu, ko yake yawan fitsari da ƙishirwa, ko ya ga ƙaramin ciwo a ƙafarsa ya wuce mako biyu bai kame ba, ya je a ɗiga jininsa a na'ura. Gwajin minti kaɗan ne, kuma ana yin sa har a ƙananan asibitoci.

Ba masu sukari kaɗai ba. Mai sikila, mai ciwon ƙoda, wanda ya daɗe yana shan taba har hanyoyin jininsa suka tsuke, wanda kuturta ta taɓa kashe wa jin ƙafa, mai ɗauke da ƙanjamau, da wanda ake yi wa maganin cutar kansa, duk hukuncinsu ɗaya: kada su taɓa ciwon yatsa da kansu.

Abin da ke ƙarasa mutane shi ne jinkiri, jinkirin kuma sau da yawa daga fassarar da ake yi wa ciwon yake zuwa. Yatsa ya ƙi warkewa, sai a ce ya taka wani abu, ko jifa ne, ko sammu. Wasu su ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, in aka yi masa allura ya fusata. Da wannan magana aka hana mutane da yawa zuwa asibiti, aka yi ta shafe-shafe da turare har ƙafa ta kumbura zuwa ƙwauri. Sa'ad da aka gaji aka kai mai ciwon, likita ya ce sai an yanke, sai a dawo gari ana cewa kun gani ko, asibiti ba su san komai ba sai yanka. Ba a faɗin watanni ukun da aka yi a gida. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. In ma da gaske ana tsoron daji ne, to wannan ƙarin dalili ne na gaggawa, don akwai kansar fata da ke fitowa a ƙarƙashin farce da tafin ƙafa, kuma tana kama baƙaƙen fata. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley. A 1977 aka gano ta a babban yatsan ƙafarsa, bayan an ɗauka ciwon ƙwallo ne. Likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsan, bai yarda ba, ta bazu a jikinsa, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, ko baƙin da ya tsallako kan fatar gefe, ko ciwon farce da ya ƙi jin magani, ido na likita yake buƙata.

Akwai kuma haɗarin da ke kan ƙarfen kansa, wanda ba ruwansa da ko farce ya shige ko bai shige ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe aƙalla kwana bakwai, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, galibinsu ba su sani ba, sai bayan shekaru hanta ta ƙanƙance ko kansa ta kama ta. Ruwan sabulu da goge wuƙa a wando ba sa kashe ta. Allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran jarirai a Najeriya a 2004, ke nan mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba sai in sun nema da kansu. Wanda ba zai iya yanke farcensa ba, ya sayi almakashinsa ya ajiye a aljihu ko a shago, ya miƙa wa mai yankan, ya kuma faɗa masa ƙarara: a miƙe, ban da gefe.

Wannan shi ne dukan sirrin yankan. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi, daga gefe zuwa gefe, a bar kusurwoyin biyu suna waje ana ganinsu, tsawonsa daidai da bakin yatsa. In kusurwar tana kama safa, a ɗan goge kaifinta da magogin farce, ba a yanke ta ba. Bayan wanka ya fi, lokacin da ya yi taushi. Kada a fizge shi da hannu, don fizga kullum gefe take bi ta zurfafa. Dattin gefe kuwa da tsohon buroshi da sabulu ake fitar da shi, ba da tsinke ko bakin wuƙa ba. Addini ya kwaɗaitar da yanke farce, malamai kuma suka ce kada a bar shi ya wuce kwana arba'in, amma babu inda aka ce a bi shi har cikin nama. Takalmi a saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada ƙafa biyun a tsaye, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin bakin yatsa da bakin takalmi. Mai wuni da sau-ciki ya riƙa sauya safa kullum, ya cire takalmin in ya sami sarari. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu kafin a mayar da safa.

Wata dabara da ke yawo, wai a tsaga tsakiyar farce a yi masa ɗan gibi don gefunan su janyo ciki, ba ta da tushe. Farce daga baya yake tsirowa, abin da aka yi wa bakinsa ba ya sauya hanyarsa.

Idan abin ya riga ya faro amma yana matakin farko, ba mugunya, kuma mutum ba ya cikin waɗanda na lissafa, ana iya gwada na gida. A jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri ko sabulu na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. A tsane ta sosai. A tura naman gefe baya a hankali, a ɗan ɗaga kusurwar farcen a sa ɗan mitsitsin auduga mai tsabta a ƙarƙashinta, a riƙa sauyawa kullum. Wasu sukan manna filasta a naman gefen su ja shi ƙasa su zagaye yatsan, don ya nisanci farcen. A koma silifa, a sha farasitamol in zafi ya dame. Sannan a yi haƙuri a bar kusurwar ta tsiro ta haura nama, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni biyu ko uku. Haƙurin nan ne ke gagarar mutane. In kwana uku zuwa biyar suka wuce ba sauƙi, a tafi asibiti. Mai sukari kuwa ko jiƙawar kada ya yi: ƙafar da ba ta ji ba ta san ruwa ya yi zafi ba, kamar yadda wasunsu ke gasa ƙafa a kaskon wuta da hunturu su tashi da ƙuna.

Abin da ke hana mutane zuwa shi ne tsoron za a zare farcen duka da filaya. Ba haka ake yi ba yanzu, sai in dole. Ana yin allurar kashe zafi a gindin yatsa, gefe biyu. Ita ce kaɗai zafin da za a ji, cikin 'yan mintuna yatsan ya mutu. Likita ya tsaga siririn yanki na gefen farcen, milimita 3 ko 4, daga baki har tushe, ya zare shi tare da tsinin nan da ya addabi mutum, ya share mugunya da naman da ya tsiro. In ciwon mai dawowa ne, sai a shafa wani sinadari mai suna fenol a tushen wannan gefen kaɗai, ko a yanke tushen, don kada ya sake tsirowa. Farcen zai ɗan rage faɗi, ba wanda zai lura. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, mutum ya koma gida ranar da silifa, ciwon ya kame cikin makonni biyu zuwa shida. Inda aka kashe tushen gefen, waɗanda abin ke dawo wa ba su kai 1 cikin 10 ba. Zare farce duka ba tare da taɓa tushe ba kuwa, fiye da rabi ciwon na dawo musu, bayan sun jira shekara guda ko shekara da rabi kafin sabon farce ya cika. Saboda haka wanda aka ce za a zare masa duka yana da haƙƙin ya tambaya, "Likita, ba za a iya cire gefen kaɗai ba?" A kuma tuna da allurar titanus in an daɗe ba a yi ba, musamman in reza ko tsohon ƙarfe ne ya yi yankan.

Bayan aikin, bandeji ba ya son ruwa. Na san abin da ke sa mutane kwance shi tun kwana ɗaya, wato alwala. Malaman fiƙihu sun halatta shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi. A wanke sauran ƙafar, a shafi bandejin da damshin hannu, a bar shi har ranar da aka ce a dawo wanki.

Tsofaffinmu su ne suka fi shiga haɗari, kuma su ne ba a dubawa. Ido ya yi rauni, baya ba ya sunkuyawa, farce ya yi kauri kamar ba na mutum ba, sai Baba ya laluba da reza a duhun zaure, ko Inna ta sa jika ɗan shekara takwas ya yanke mata. Wannan aikin babba ne a cikin 'ya'ya, da rana, a fili, da almakashin gidan. Mai sukari a duba masa ƙafa kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, a zazzage takalminsa kafin ya sa. In aka ga mugunya, ko kumburi ya haura yatsa ya hau bayan ƙafa, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi da rawar ɗari, ko yatsa ya fara sauya launi ya yi sanyi, ba a jiran gobe, ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran ɗan da ke birni ya aiko kuɗi. A ɗauke shi a ranar. In ƙaramin asibiti ne, a faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa yana da sukari, in ba a sani ba a nemi a gwada kafin kowa ya sa ƙarfe a ƙafar, a kuma karɓi takardar turawa babban asibiti idan sun ce abin ya fi ƙarfinsu.